Amanar Fuskokin Tunga

Na Allah muke, gare shi za mu koma, kuma Kawu ya riga mu tafiya. Ya cika a gidanmu na Wurno da hantsi, bayan jinyar da ta cinye damina guda, anka kai shi makwancinsa kafin la'asar. Yayan mahaifiyata ne, ciki ɗaya. Allah bai ba shi haihuwa ba, a hannunsa na girma, shi ya aurar da ni, saboda haka ba wanda zai ce na yi shisshigi in na buɗe baki a kansa.

Zaman makoki ya tara jama'a har anka shimfiɗa tabarmi bakin hanya. Tsoffin ɗalibansa na firamare a Rabah sunka zo, kowa da furfurarsa, suna tuna yadda yake murɗe musu kunne amma bai taɓa ɗaukar bulala ba. Dillalan albasa daga Goronyo sunka ce mutum ne da ba shi da abokin faɗa, na ce a raina lalle ba ku zauna da shi ba. Limamin unguwa ya shaida cewa bai san ranar da sahun farko ya wuce shi ba. Daga cikin gida kuma wata tsohuwa tana kuka, tana faɗin shi ya yi wa ɗiyanta duka zayyanar allo ranar saukarsu, ko goro bai karɓa ba.

Duk gaskiya ne. Amma na kasa kunne tun ranar farko har sadakar uku, ban ji wanda ya ambaci aikin da Kawu ya ba rayuwarsa ba. Sai wani dattijo abokin karatunsa, wanda kunnensa ya yi nauyi, ya ɗaga murya ya ce, "Kai, Allah ya yi mashi hannu! In ya zana mutum sai ka ce gaisuwa za shi amsa." Bai rufe baki ba wani ya yi gyaran murya ya ce, "Jama'a, a yi mashi Fatiha." Hannuwa sunka tashi, anka shafa, ba wanda ya sake komawa kan zancen.

Zancen nan da anka danne shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ni ba marubuci ba ne, malamin gona ne da ya ƙare aikinsa a bakin magudanan noman rani. Kuma kada in ɓoye muku, da fushi nake rubutu. Kawu mai zane ne. Ya yi karatun zane a jami'a har digiri na biyu, ya bar shigifa guda cike da fuskokin mutanen wata tungar masunta da ruwan madatsar Goronyo ya ci, ya kuma bar wasiyya a mayar da kowace fuska ga masu ita. An ci amanar nan, kuma da wanda ya ci ta da Kawu nono ɗaya sunka sha. Zan zo wurin, amma bari ku fara sanin wanda anka yi wa.

Gidanmu gidan malamai ne tun kakanni. Kakana, mahaifin su Kawu, shi ya koya masa haɗa tawada da zayyanar allo, baƙi daga kunkunniya da ƙaro, ja daga jar ƙasar gulbi. Sai dai tun yana yaro hannun ya fi ƙarfin allo, bangon zaure ya sha jakuna da raƙuma na gawayi, shi kuma ya sha faɗa. Ya yi makarantar horon malamai, ya koyar a Rabah, ya je ya yi digirin farko ya dawo. Da labari ya zo cewa zai koma ƙaro karatu, kuma a kan zane, gemunsa ya riga ya cika. Inna, wato mahaifiyata, ta riƙe haɓa ta ce, "Haba Yaya! Da gemunka za ka koma koyon abin da yara ka yi ƙasa da tsinke?"

Ya ce, "Shi na. Yaran sun fi ni iyawa, shi ya sa za ni in koyo."

Kakana bai hana ba, bai kuma nuna murna ba. Ya ce masa, "Na san abin da littattafai sunka ce bisa sura, kai ma ka sani, don ni na karantar da kai. Tahi. Amma abin da kaz zana mai rai, kada shi kwana ɗakin da nike salla." Wannan ya sa anka ba Kawu shigifar ƙarshen gida, kusa da turken awaki, kuma bai taɓa ƙetare sharaɗin ba har bayan ran tsohon.

Shekarar da Kawu ya tafi karatun ni ma na samu shiga jami'ar, fannin noma, sai munka kama ɗaki ɗaya a bayan makaranta. Nan na ga abin da ake kira karatun zane, ni da nake zaton wasa ne. Wani ƙaton ɗaki ne mai manyan tagogi, warin fenti da kananzir ya kama ko'ina, kowa tsaye gaban allonsa ba mai yi wa wani magana. Kawu ya yi watanni ba abin da yake zanawa sai hannuwa da ƙafafu da ƙasusuwan wani kwarangwal da ke rataye a lungu. Ya dawo gida gawayi har gwiwar hannu, ya zauna ya ce, "Manomi," don haka yake kirana, "ashe tun da nike ban taɓa ganin mutum ba. Gaishe shi kawai nike yi in wuce."

Akwai darasin da ake kawo mutum ya tuɓe ya zauna a tsakiya, ɗalibai su zana jikinsa. Ranar farko da anka kawo wata mata, Kawu ya naɗe takardunsa ya fita. Na ce shi ke nan, karatu ya ƙare, mu tattara mu koma Wurno. Ashe tasha ya nufa. Ya samo wani tsohon ɗan kokawa mutumin wajenmu da ke dako, ya lallashe shi da goro da kirari, washegari ya shigo da shi aji ɗaure da bante. Ya ce wa malamin, ga jiki nan, duk jijiyar da ake nema tana nan a fili, kuma ba wanda zai ji kunyar wani. Malamin ya zagaya tsohon ya duba, ya yi dariya ya yarda. Kafin zangon ya ƙare rabin ajin sun koma zanen ɗan kokawa, shi kuwa da an zaunar da shi sai barci, har da minshari.

Babbar rigimarsa da farfesan da ke duba aikinsa ce. Mutumin kirki ne daga kudu, kuma alheri yake nufi. Ya ce wa Kawu, tunda daga gidan malamai ka fito, yi babban aikinka a kan zayyana da haruffan Larabci, a gida ba mai yi maka faɗa, a waje kuma za a so shi. Kawu ya ce, "Ranka shi daɗe, zayyana gida na baro ta, kuma mahaifina ya fi duk wanda ke makarantar ga iya ta. Huska na zo koyo." Farfesa ya ce to fuskar wa, kuma don mi? Kawu ya tattara takardunsa ya fita. Ya dawo ɗaki yana huci, ya hana ni barcin rana da mita, amma ya san tambayar gaskiya ce.

A hutu ya samu amsar. Ya je kasuwar Goronyo, wani mai bandar kifi da sunka saba ya gaya masa cewa masu awo sun kafa turaku masu jan kai a bayan tungarsu, an ce in an rufe madatsa duk wurin zai zama ruwa. Kawu ya bi shi a jirgi ya gano wa idonsa. Da hutu na gaba ya koma da kayan aikinsa, tare da autan ɗakinsu, wanda muke kira Kawu Ƙarami. Mahaifiyarsu ta rasu yana ɗan ƙarami, Kawu ya raine shi, kuma a lokacin saurayi ne mai fara'a da ba ya rabuwa da yayansa. Shi ke ɗaukar katakan da ake ɗame ƙyallen zane a kai, shi ke niƙa jar ƙasar bakin gulbi a zuba cikin fenti, in ba a samu mai zama ba shi ke zama a zana.

Mutanen Tunga ba su yarda da wuri ba. Yo wa zai ba baƙo fuskarsa? Kawu bai matsa ba, ya zauna cikinsu yana taya su ɗinkin koma, yana cin tuwonsu, yana zana jirage da bukkoki. Sai wata rana sarkin ruwansu, tsoho ne tukuf, ya zo ya tsaya bayansa ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Malam, hatsi muna kwashewa daga rumbu, jirgi muna ja, awaki su bi mu. Kabarin uwayenmu hwa? Shi ba shi ɗaukuwa." Tsohon ya gyara zama a kan turmi ya ce, "To zana ni. In jikokinmu sun tambayi wa yaz zauna nan, a samu abin gwada musu. Amma namu na. Aje muna za ka yi har mu zauna da gindinmu." Kawu ya ce ya ji ya ɗauka. Bayan tsohon sai gida-gida, mai gyaran ƙugiya, mai tuƙa jirgi, tsohuwa a bakin banda hayaƙi ya sa ta runtse ido ɗaya.

Ana gab da ranar da zai baje aikin gaban malaman da za su zo daga wasu jami'o'i su duba, saƙo ya zo cewa amai da gudawa sun kama Kawu Ƙarami, an kwantar da shi asibiti, ba a sa ran zai tashi. Kawu ya rufe zane-zanensa da tabarma ya ɗauki jaka. Na ce, "Kawu, ga Inna can, ni ma sai in tahi. In ka bar wagga rana sai wata shekara hwa." Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce, "Zane na jira, Manomi. Ƙane ba shi jira." Shi ya yi jinyar da hannunsa, shi ke wanke shi, shi ke wanke tufafinsa, shi ke ɗura masa ruwa da cokali. Malamai sunka zo sunka tafi, shekara guda ta zube. Ina tsaye bakin gadon ranar da Kawu Ƙarami ya fara iya zama, ya kama hannun yayansa yana kuka ya ce, "Yaya, ko bayan ranka ni bawanka na." Ba labari anka ba ni ba, da kunnena na ji.

Da shekara ta zagayo ya baje aikin. Na ga malaman nan sun shiga ɗakin suna hira, sannu a hankali hirar ta mutu. Farfesansa ya tsaya gaban sarkin ruwa ya cire gilashi ya goge ya mayar. Sunka nemi ya zauna ya koyar a jami'ar, ya ƙi. Wani mai sayen kayan zane ya bi shi har ɗakinmu, Kawu ya ba shi ruwa ya sha ya ce, "Ba nawa na ba, ajiya ta." Munka naɗe su da tabarmi, munka ɗora a motar da ta sauke albasa za ta koma gida, shi da kansa ya zauna baya yana riƙe da su har Wurno.

Kada ku zaci waliyyi nake ba ku labari. Kawu yana da taurin kai da riƙo. Ranar da na kama aiki a shirin noman rani na ruwan madatsar, na zo da murna in gaya masa, ya ce, "Madalla. Ruwan da yac ci Tunga shi za ka riƙa rabawa da awo." Na ce masa ruwan nan shi ke ciyar da dubban gidaje, albasa da shinkafa ba da fenti ake shuka su ba. Kai, wannan magana ta yi mini tsada! Rani guda bai amsa mini fiye da sallama ba. Sai wata safiya ina cikin gona na hango shi tafe da allonsa, ya zauna kan kunya ya fara zana matan da ke cirar albasa. Da ya gama ya ce, "Ruwan naka ya yi kyau bisa ganye." Iyakar ban haƙurin ke nan, kuma na karɓa.

In yana magana da kai, tsinke na hannunsa yana zane a ƙasa, kafin ku gama hira ga hancinka nan a turɓaya. In ya hango liman tafe sai ya share da ƙafa, ba don tsoro ba, don kada ya sa dattijo cikin nauyi. Bakin hannun rigarsa bai taɓa rabuwa da shuɗin fenti ba, matarsa ta yi wanki ta yi mita har Allah ya karɓi ranta. Ka shiga shigifarsa ka kai yatsa jikin zane kuwa, ko hakimi ne kai sai ka ji tsawa.

Mutanen Tunga da anka tashe su sun watsu, wasu kan tudu, wasu wajen Rabah, wasu sun bi ruwa sun yi nisa. Amma bayan kaka sai ka ga sun zo, biyu ko uku, da ƙunshin bandar kifi. Kawu ya buɗe shigifa ya shimfiɗa musu tabarma, ya jingina musu nasu a bango, ya fita ya ba su wuri. Ya sha ce musu su ɗauka, su ce a'a Malam, ɗakunanmu na yoyo, gara ta yi yawa, bari dai tukuna. Daga baya kuma da wa'azi ya yi zafi kan hotuna, sai kunya ta ƙaru a kan gara.

A cikin shekarun nan Kawu Ƙarami ya yi nisa a karatu har ya zama na'ibin liman. Ya daina shiga shigifa. Ban ga laifinsa a nan ba, kowa da fahimtarsa. Wata rana suna cin tuwo kwano ɗaya, ina gefe, ya ce, "Yaya, ina jiye maka ranar da za a ce masu sura su hura ma abin da sunka zana rai." Kawu ya ajiye loma ya ce, "Na gode, ka hita hakkina. In an tambaye ni sai in ce, ya Rabbi, ban yi don in yi gasa da kai ba, na yi don kada a mance da bayinka. Abin da yag ga dama shi yi da ni. Wanga tsakanina da shi na, auta, kada ka shiga." Sunka ci gaba da cin tuwonsu.

Da ciwo ya kwantar da shi, ya aika wa mutanen Tunga cewa in ya tafi su zo ranar sadakar arba'in kowa ya ɗauki nasa. Sannan ya kira mu uku, ni da Inna da Kawu Ƙarami. Ya ciro mabuɗin shigifa daga ƙarƙashin matashi. Wallahi na miƙa hannu, don na zaci ni zai ba. Ya kauce hannuna ya sa shi a tafin ƙanensa, ya rufe da nasa. Ya ce, "Amana ta, auta. Ba tawa ta ba, ta mutane ta. Kada a taɓa komi har su zo." Kawu Ƙarami ya ce, "Na ɗauka, Yaya." Kawu ya ce ya maimaita, ya maimaita.

Da munka kaɗaita na ce, "Kawu, ka san ra'ayinai bisa abin ga. Mi ya sa ba ka ba ni ba?" Ya ce, "Kai ɗan mace na a gidan ga. In na tsallake ƙanena na ba ka, na tozarta shi gaban gari, har abada ba shi ɗaga kai. Kuma ni na raine shi. Ba shi yi min haka." Haka al'adarmu take, ɗan 'yar'uwa ba ya shiga gaban ƙane, kuma Kawu ya gwammace ya tsare mutuncin autansa ya dogara da alkawarinsa.

Bayan sadakar uku na nemi mabuɗi in share shigifa in duba ko gara ta shiga. Kawu Ƙarami ya ce, "Bari dai, ana cikin makoki." Bayan bakwai na sake tambaya, ya ce, "Gaggawar mi kake? Ba gudu za su yi ba." Bai dube ni ba da yake faɗa. Zuciyata ta ba ni wani abu, na kore shi da istigfari, na ce wane ni in zargi na'ibin liman a kan wasiyyar yayansa.

Ranar arba'in, bayan an yi addu'a an raba waina, wata motar haya ta tsaya ƙofar gida. Mutanen Tunga ne, tsofaffi da ɗiyan waɗanda sunka mutu. A cikinsu akwai wata tsohuwa ƙanƙanuwa mai sanda. Kawu ya zana mijinta yana tsaye cikin jirgi, kuma mijin ya rasu kafin a tashe su, kabarinsa yana can ƙarƙashin ruwa. Ta yi wa Inna gaisuwa, sannan ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Jikana ya yi min ɗaki na siminti, gara ba ta shiga. Har ƙusa ya kahwa min a bango. Na zo in tahi da mai gidana."

Anka nemi Kawu Ƙarami. Ya zo yana jan ƙafa, ya ce ko za a bari sai an huta an ci abinci. Tsohuwa ta ce ta ƙoshi. Ba yadda ya iya, ya ciro mabuɗi ya miƙo mini, ni na buɗe.

Suna nan jingine a bango yadda Kawu ya jera su. Na jawo na farko, sarkin ruwa ne zaune kan turmi. Ga rawaninsa, ga hannuwansa bisa gwiwa, ga ƙafafunsa masu faso. Inda fuskar take kuwa rami ne, an yanke da aska an zagaye tsaf kamar bakin tulu, ina hango bangon shigifa ta ciki. Na jawo na biyu, haka. Na uku, haka. Na riƙa jawowa ina jefarwa gefe kamar mahaukaci. Jirage na nan, koma na nan, hayaƙin banda na nan, ba a bar fuska ko ɗaya ba. Har ta Kawu Ƙarami shi kansa, ta lokacin yana saurayi, ba a bari ba.

Na juyo wajen Kawu Ƙarami na ce, "Kawu, mi an nan?"

Ya ce, "Washegarin da munka bizne shi na yi. Na kasa barci, ina ganin shi cikin kabari ana ce mashi hura musu rai. Sura in ba ta da kai, ba sura ta ba. Don shi na yi, wallahi don shi na yi. Yayana na."

Na dubi Inna ko za ta ce wani abu, sai ta sunkuyar da kai ta ja mayafi. Ashe ta sani. Duk kwanakin nan ina cin tuwonta, ina gaya mata damuwata kan mabuɗi, ta sani ba ta ce mini komai ba. Wannan ya fi askar ciwo a wurina, kuma har yau da nake rubutu bai daina ba.

Ni ba malami ba ne, ba zan yi fatawa kan hoto ba. Na san malamai sun yi magana mai yawa a kai, kuma Kawu ya san ta fiye da ni. Amma ban taɓa jin malamin da ya ce mutum ya karɓi amana daga hannun mai mutuwa, ya maimaita da bakinsa, sannan ya jira ƙasa ta rufe masa ido ya warware ba. In ba ka iyawa, ai sai ka ce, Yaya ba ni iyawa, ba wani. Yana da rai a lokacin, yana ji, da ya ba ni. Na gaya wa Kawu Ƙarami haka a gaban mutane, ban sassauta murya ba, kuma ban yi nadama ba.

Tsohuwar ba ta saurari faɗanmu ba. Ta shiga tana dogara sanda, tana bin su ɗaya bayan ɗaya, har ta tsaya gaban wani mutum tsaye cikin jirgi, ya dafe gora, kafaɗarsa ta hagu ta ɗan sauka. Ta ce, "Ga shi nan. Haka shika tsayuwa." Ta sa hannu cikin ramin, ta shafa gefen da askar ta bi. Sannan ta juyo wajen Kawu Ƙarami, ba faɗa, ba hayaniya. Ta ce, "Malam, abin da yaw wuce ya wuce. Ina kawunan? Ka ba ni nashi, ina da allura da zare."

Sai da ta sake tambaya sannan ya amsa. Ya ce, "Ban so in ƙone su ba, Iya, mutane na. Ban so in zubar a juji ba. Sai na ƙulle su da dutse, na kai gulbi na saka."

Ta ce, "Wane gulbi?"

Ya ce, "Rima."

Ta daɗe tana kallonsa. Ta ce, "Ruwan ga dai? Sau biyu ke nan shina cin shi."

Ta kwance ɗan kwalinta na sama ta rufe ramin da shi, ta ce in kama mata. Na ɗauko abin da ya rage na mijinta na kai mota, ta zauna ta rungume shi a cinya. Sauran ma kowa ya shiga ya nemi nasa da tsayuwa ko da hannu ko da riga, waɗanda ba su taɓa ganin kakanninsu ba kuwa sunka tsaya tsakar shigifa suna tambayar juna, ba mai iya gaya musu wanne ne nasu.

Ya Allah, ga Kawu nan ya zo gare ka. Ka san abin da ya nufa da hannunsa, ka yi masa da rahamarka, ka yalwata masa makwanci, ka haɗa shi da mutanen Tunga inda ba ruwan da zai tashe su. Shi ya riƙe amanarsu har numfashinsa na ƙarshe, ni shaida ne. Mu da ya bari kuwa, ana ta ce mini in yafe don zumunci. Ina gaida Kawu Ƙarami kullum da safe, ina bin shi salla in liman ba ya nan. Amma yafewa ban kai gare ta ba tukuna, kuma ba zan yi ƙarya a ta'aziyyar Kawu in ce na kai ba.